Yadda ake tsarawa da haɗa kantar littattafai mai ƙwari a gida

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwalin littattafai ranar tashi daga wani gida zuwa wani ya san cewa takarda, idan ta taru, nauyinta ba na wasa ba ne. Littattafan da aka jera tsaye a tsawon mita ɗaya sukan kai kilo 30, manyan mujalladai masu kaurin bango kuwa suna wuce haka. Ke nan kanta mai hawa biyar, wadda faɗinta bai wuce santimita 80 ba, tana ɗauke da abin da ya fi buhu biyu na shinkafa mai kilo 50, kuma ba sauke shi za ta yi da yamma ta huta ba, haka za ta riƙe shi shekara da shekaru. Wannan nauyi shi ya kamata ya jagoranci kowace shawara a aikin, tun daga awon farko har zuwa ƙusar ƙarshe.

Kantar farko da na mallaka na saye ta ne a haɗe, an yi ta da allon garin katako da ake kira MDF, kowane hawa tsawonsa ya kai santimita 120 babu wani tokari a tsakiya. Da ta zo gida gwanin sha'awa, tana ta sheƙi. Kafin damina ta biyu ta wuce, hawan tsakiya ya yi ciki kamar sirdin jaki, har ya danne kan littattafan da ke ƙarƙashinsa, sai an ciccije kafin a zaro ɗaya. Fasalin da zan bayyana a nan shi ne wanda na koma wa bayan wannan asara.

Awo da zane kafin a je kasuwa

Mataki na farko shi ne a auna littattafan da kansu, domin su ne za su faɗi zurfin kanta da tazarar hawa-hawanta. Yawancin mujalladan tafsiri da hadisi da fiƙihu da ake bugowa a Beirut da Alƙahira faɗinsu santimita 17 ne, tsayinsu 24. Kundin bincike na jami'a da duk abin da aka buga a takardar A4 faɗinsa 21 ne, tsayinsa ya kusa 30, manyan fayil na ofis kuma sun ɗan ɗara haka. Littattafan hikaya da na makarantar sakandare ba su kai waɗannan ba. Saboda haka zurfin santimita 30 ya wadatar da kusan komai, kuma zurfin da ya wuce haka ba abin da yake jawowa illa a riƙa jera littattafai layi biyu, na baya su ɓace wa ido, nauyin da ke kan allon kuma ya ninku.

Sai a auna wurin da kantar za ta tsaya, a kuma auna ƙofar ɗakin da duk wani lungu da za a bi da ita, don kada a gama aiki a tsakar gida ta ƙi shiga. A lura da bangon da za a jingina ta. A ƙasar Hausa hadari yawanci daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ruwa ke duka, kuma shi ya fi riƙe danshi a watan Agusta. Idan fentin bango yana kumbura ko yana fitar da farin gishiri daga ƙasa, gara a nemi wani gefen ɗakin.

Abin da ya fi komai muhimmanci a zanen shi ne tsawon kowane hawa tsakanin gefe da gefe, kuma a nan ne yawancin kantoci suke lalacewa tun a kan takarda. Lissafin injiniyoyi ya nuna cewa idan aka ninka tsawon allo sau biyu, aka kuma cika shi da littattafai, lotsawar da zai yi za ta ninku har sau 16. Idan kuwa kaurinsa aka ninka, lotsawar za ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Bugu da ƙari, katako yana ci gaba da lotsawa sannu a hankali muddin nauyi yana kansa, don haka allon da ya yi kyau a ranar farko ba lalle ya tsaya haka bayan shekara biyu ba. A aikace, filawud mai kaurin milimita 18 kada ya wuce santimita 80 babu tokari, falankin katako mai ƙarfi na inci ɗaya zai iya kaiwa 90, MDF kuwa ko 60 ya yi masa yawa idan mujalladai za a ɗora. Wanda yake son ya cika bango guda, sai ya haɗa kantoci biyu ko uku masu matsakaicin faɗi ya jera su kafaɗa da kafaɗa, hakan ya fi ƙwari kuma ya fi sauƙin ɗauka ranar ƙaura.

Misalin da za mu bi kanta ce mai tsayin santimita 180, faɗi kimanin 80, zurfi 30, mai gurabe biyar. Na zaɓi waɗannan lambobi ne saboda allon filawud guda ɗaya zai fitar da gangar jikinta gaba ɗaya, kamar yadda za a gani.

Zaɓen katako

A kasuwar 'yan katako, ko ta Na'ibawa ce a Kano ko kasuwar Katako ta Yamai, mutum zai tarar da zaɓi biyu: falanki ko filawud. Falankin da aka fi samu shi ne wanda ake kira ɗaya-bisa-sha-biyu, wato kaurin inci ɗaya, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Obeche ba shi da nauyi kuma yana da daɗin aiki, amma yana da laushi, ƙwaro kuma na son sa. Afara ya ɗan fi shi. Malaina tana da araha, sai dai tana daɗewa ba ta bushe ba. Maɗaci da iroko su ne masu ƙwarin gaske, iroko ma gara ba ta cika yi masa ɓarna ba, amma kuɗinsu ya fi, kuma suna wahalar da zarton hannu.

Babbar matsalar falanki ita ce danshi. Yawancinsa daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, sau da yawa kuma bai gama bushewa ba ake sayar da shi. Idan aka haɗa kanta da ɗanyen katako, da zarar iskar hunturu ta kaɗa sai ya tsuke ta faɗinsa, ya murɗe, ya tsage a wurin ƙusoshi, mahaɗai su buɗe baki. Ɗanyen falanki yana da nauyi fiye da kima, yana da sanyi a tafin hannu, garin da zarto ke fitarwa daga jikinsa kuma yana dunƙulewa idan aka matse shi. Wanda ya nace sai falanki, to ya saya da wuri, ya shimfiɗa shi a inuwa a kan wuri mai daidai, ya sa siraran sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ya ɗora nauyi a sama, ya bar shi makonni da dama. Kada a jingina shi da bango a rana, domin nan take zai lanƙwashe.

Ga mai aiki a gida, ni dai filawud nake ba da shawara. An yi shi ne da falle-fallen katako da aka manna, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ya tsukewa ko kumbura kamar falanki idan yanayi ya sauya. Girman allo guda ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato santimita 122 a 244. A duba bakinsa da kyau, a ƙi wanda ke da ramuka tsakanin falle da falle ko wanda fatarsa ta fara ɗagowa, a kuma kafa shi a tsaye a hango ta gefensa don a tabbata bai karkace ba. Sannan a auna kaurinsa da hannu, domin abin da ake sayarwa da sunan milimita 18 sau da yawa 16 ne ko 17.

Bayan babban allon, za a buƙaci siririn filawud mai milimita 6 don rufe baya, da siraran busasshen katako mai ƙarfi na rufe bakin alluna, da guntun falanki mai faɗin santimita 8 na ƙafa. Sai farin gam na katako, sukuru masu tsawon inci 2 kamar guda 40, ƙananan ƙusoshi na inci ɗaya, samfefa mai lamba 80 da 120 da 220, maganin gara, banish da tina, da ƙarfen kusurwa biyu na ɗaure kanta da bango. Kayan aikin kuwa tef ɗin awo ne, sukwaya (ma'aunin daidaita kusurwa), fensir, wuƙa mai kaifi, zarto, cizal, guduma, sukudireba da injin huda.

Yanka

Yanka dogon allo a miƙe da zarton hannu aiki ne mai wuya ko ga gwani, don haka gara a biya masu inji a kasuwar su yanka, a tsaya a kansu da takardar awo a hannu. A tsaga allon ta tsawonsa gida huɗu, kowane gida faɗin santimita 30. Huɗun sun cinye 120, ragowar kuma ita ce abin da bakin zarto zai ci. Daga gida biyu a fitar da gefuna biyu masu tsawon 180, daga sauran biyun kuma a fitar da alluna uku-uku masu tsawon 78. An samu alluna shida ke nan: na sama, na ƙasa, da huɗu na tsakiya. Guntaye biyu masu kimanin santimita 64 za su rage, kada a bar su a kasuwa, suna da amfani a gaba. Tsagawa ta tsawo tana da wata fa'ida, wato jijiyar fatar allon za ta bi tsawon hawan, ta nan ne kuma filawud ya fi jure nauyi. Kafin a bar wurin, a ɗora allunan shida a kan juna a shafa ƙarshensu da hannu, idan ɗaya ya fi sauran ko da milimita biyu ne a gyara shi nan take.

Fitar da gurabe

Kafintocin gaggawa sukan kafa allo a jikin gefe su buga masa ƙusa uku daga waje, shi ke nan. A irin wannan haɗi duk nauyin littattafai yana rataye ne a kan ƙusoshin, kuma ƙusar da ta shiga bakin filawud tsakanin falle da falle ba ta da riƙo. Hanyar da ta fi ita ce a sassaƙa gurbi a jikin gefen, ƙarshen allon ya shiga ciki ya zauna, ta yadda katako ne zai hau kan katako, sukuru da gam kuma aikinsu kawai su hana shi zamewa.

A kwantar da gefunan biyu a jere, fuskokinsu na ciki suna kallon sama, bakunansu na baya suna haɗe da juna, ƙasansu ya yi daidai. Ta haka layi ɗaya zai ratsa su duka biyun, kuma ba za a wayi gari da gefen hagu biyu ba. Daga ƙasa a auna santimita 8 a ja layi da sukwaya, nan ne ƙarƙashin allon ƙasa. Sai a kafa guntun filawud ɗin nan a kan layin a ja layi na biyu ta ɗaya gefensa, domin faɗin gurbi dole ya zama ainihin kaurin allon da ke hannu. Daga layi na biyu a auna 36 don gurbin littattafai na farko, a sake kafa guntun, sannan 33, sannan 30, sannan 30, na ƙarshe kuma kimanin 29, wanda zai bar kusan santimita 3 a saman allon ƙarshe. Manyan guraben littattafai a ƙasa suke, domin manyan littattafai su zauna can su riƙe kantar.

A bi kowane layi da wuƙa sau biyu ko uku kafin a sa zarto, hakan yana yanke fatar filawud ya hana ta tsagewa. A danne miƙaƙƙen katako a kan layin ya zama jagora, a manna tef a jikin zarton daidai milimita 6 daga haƙoransa, a yanka ta cikin layin har tef ɗin ya taɓa allo. Zurfin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin gefen, in ba haka ba an raunana shi. Bayan an yanka layukan biyu, sai a cire abin da ke tsakani da cizal, a faro daga kowane baki a nufi tsakiya, kaɗan-kaɗan. Gurbi mai kyau shi ne wanda allo zai shiga da ɗan bugun tafin hannu ya kuma tsaya da kansa. Gurabe 12 ne, kuma za su ci yini guda ga sabon hannu, don haka ya kyautu a gwada na farko a jikin guntun da ya rage. Wanda yake da kafinta mai injin sassaƙa gurbi a kusa zai iya kai masa bayan ya ja layukansa.

Idan wannan ya gagara, akwai sassauci: a manna siririn katako mai santimita 2 a 2 a ƙarƙashin kowane layi da gam da sukuru uku, allon ya hau kansa. Bai kai gurbi kyan gani ba, amma ya fi ƙusa zalla nesa ba kusa ba.

Haɗawa

Kafin a buɗe gam, a goge fuskokin ciki da samfefa tun suna a shimfiɗe, a huda ramuka uku a tsakiyar kowane gurbi daga ciki zuwa waje, sannan a haɗa komai a bushe don a ga inda ya cije da inda ya yi sako-sako. Farin gam yana fara kamawa cikin kimanin minti goma, a zafin bazara ma bai kai haka ba, saboda haka a yi haɗin da safe a inuwa, tare da mai taimako.

A kwantar da gefe ɗaya, a shafa gam a gurabensa, a kafa allunan shida, bakinsu na baya ya yi daidai da bakin gefen. A shafa gam a guraben ɗaya gefen a kifa shi a kansu, a ɗora guntun katako a bubbuga da guduma har kowane allo ya zauna. Wanda ba shi da ƙarfen matsewa sai ya zagaya kantar da igiya mai ƙwari sau biyu, ya sa kwali a kusurwoyi don kada ta ci katakon, ya cusa sanda tsakanin igiyoyin ya murɗa har ta matse. Sai a bi ramukan nan da siririn bakin huda mai milimita 3 zuwa cikin ƙarshen allon, sannan a ɗaura sukuru, kansa ya ɗan nutse. Sukurun da aka tura babu wannan huda yana raba fallen filawud. Gam ɗin da ya tsattsafo a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba, domin banish ba ya kama inda ya daskare.

Tun gam bai gama kamawa ba a kifa kantar a kan fuskarta, a auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan a auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kantar ta tsaya daidai. Idan ɗaya ya fi tsawo, a tura kusurwarsa a hankali har su daidaita. A wannan hali ne ake ɗora allon baya, wanda aka yanka daidai da faɗi da tsayin kantar, a shafa gam, a buga ƙananan ƙusoshi kowane santimita 15 a gefuna da kuma bayan kowane hawa. Mutane suna raina wannan siririn allo, har wasu kan bar shi don rage kuɗi, alhali shi ne yake hana kanta rangaji hagu da dama, kuma yana tallafe bayan kowane hawa a duk tsawonsa. Kanta marar baya ko da iroko aka yi ta, wata rana sai ta karkace.

Bayan gam ya kwana, sai a rufe bakunan gaba. A manna sirarai masu kaurin santimita 2 a bakin gefunan biyu, su ɓoye fallen filawud da bakin gurabe. A bakin kowane hawa kuma a manna mai kaurin 2 da faɗin 4, samansa ya yi daidai da fuskar hawan, ragowar ta sauko ƙasa kamar leɓe. Wannan leɓe ba ado kaɗai ba ne, domin katakon da ke tsaye a kan gefensa ya fi wanda ke kwance jure lanƙwasa, don haka yana ƙara wa hawan ƙarfi ƙwarai. Yana rage ƙofar gurbin da ke ƙasansa da santimita biyu da ɗoriya, an kuwa riga an yi la'akari da hakan a awon da ya gabata. Daga nan a sa falankin ƙafa a ƙarƙashin allon ƙasa, a ɗan tura shi ciki.

Gara, danshi da shafe

A cike ramukan sukuru da garin katako da aka kwaɓa da gam, idan ya bushe a goge. A fara da samfefa mai lamba 80 a kan katakon baki, filawud kuwa a fara masa da 120 don fatarsa siririya ce, a ƙarasa da 220, kullum ana bin jijiyar katako. A sa takunkumi saboda ƙura.

Maganin gara, irin su Solignum, a shafa shi a waje inda iska ke kaɗawa, a fi ba da ƙarfi ga ƙafafu da ƙarƙashin allon ƙasa da bayan kantar, a bar shi ya bushe sarai. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi ba shi da wuri a nan, domin warinsa ba ya fita kuma yana ratsa takarda. Ƙasan gefunan, inda fallen filawud ke buɗe, shi ne yake tsotse ruwan goge ɗaki, saboda haka a cika shi da banish sosai, a kuma buga masa guntayen roba ko na katako mai ƙarfi su ɗaga shi daga daɓe.

Banish shafi uku ake yi. Na farko a tsinka shi da tina don ya shiga jikin katako, a bar kowane shafi ya bushe, a ɗan goge da samfefa mai laushi kafin na gaba. A lokacin hunturu a yi shafen a cikin ɗaki bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura za ta manne a jiki ya yi kaushi. Ko da ya bushe a taɓi, a ba shi mako guda kafin a ɗora littafi, domin banish da bai gama ƙarfi ba yana kama bangon littafi, sai an ɓanɓaro shi.

Kafawa da jera littattafai

Kanta mai tsayin 180 da zurfin 30 tana iya kifowa gaba, musamman a gidan da ke da yara masu ɗaukar hawa-hawanta a matsayin tsani. A kafa ta a wurinta, a duba da ma'aunin magina ko ta tsaya daidai, a cusa siririn katako a ƙarƙashin ƙafar da ba ta taɓa ƙasa ba. Sai a ɗaura ƙarfen kusurwa biyu a allon sama, a huda bango, a sa robar riƙe sukuru a ɗaure. A bangon bulo a nemi layin siminti ko wurin da bulon yake cike, domin tsakiyarsa rami ne. Bangon ƙasa ba ya riƙe irin wannan roba, a nan sai a kafa dogon turken katako a cikin bangon a ɗaure a jikinsa. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin bayan kanta da bango don iska ta wuce, wannan tazarar ce kuma za ta ba da damar leƙawa lokaci-lokaci a ga ko gara ta fara gina hanyarta.

Wajen jerawa a fara daga ƙasa, kamusoshi da manyan mujalladai da fayil su cika gurabe biyu na farko, matsakaita su biyo, marasa nauyi su hau sama, Alƙur'ani kuma a hawan ƙoli inda ba a ɗora komai a kansa, kamar yadda aka saba a gidajenmu. A kowane hawa a tura mafi nauyi zuwa gefuna, kusa da gurbi, a bar marasa nauyi a tsakiya. Kada a cusa littattafai har su cije, a bar sararin da yatsa zai shiga ya zaro ɗaya ba tare da an ja shi ta saman ƙashin bayansa ba. Bayan wata guda sai a ɗora miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin hawan da ya fi nauyi a duba ƙarshensa biyu, domin allon da ya lotsa a tsakiya yake taɓa shi, idan tazarar da ta bayyana ta wuce milimita biyu ko uku, a rage masa kaya a mayar hawan ƙasa.